Ƙaramar Bindiga Tsakanin Tsaron Gida da Fagen Yaƙi: Bayani Game da Ƙasar Katanga, Jega, Aliero da Maiyama

1. Gabatarwa

Tun da zaman lafiya ya taɓarɓare a arewa maso yammacin Nijeriya, an sha jin mutane suna cewa maganin abin ɗaya ne, watau kowane magidanci ya nemi bindiga ya ajiye a ɗaka. Har manya ma sun faɗi haka. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanensa su tanadi makamai don kare kansu, sa'an nan a watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta fitar da sanarwa mai kama da wannan. To, in a na irin wannan zance, abin da ya kan fara faɗo wa ɗan birni da ɗan makaranta a rai, saboda yawan ganinta a sinima, shi ne ƙaramar bindigar nan da a ke riƙewa da hannu ɗaya, a soke ta a ƙugu, ko a tura ta ƙarƙashin matashin kai.

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu gwada abin da soja ke nema ga wannan makami da abin da mai gida ke nema gare shi, domin bukatun nan biyu ba ɗaya ba ne. Sa'an nan mu auna abin da muka samu da halin zaman ƙauyen Hausa, muna ɗaukar misali da Katanga ta ƙasar Jega, da maƙwabtanta na Aliero da Maiyama, a cikin Jihar Kebbi. Amma da farko sai mu duba abin da harshe da tarihi suka ajiye mana.

2. Abin da sunaye ke nunawa

Kalmar bindiga baƙuwa ce a Hausa. Asalinta Larabci ne, daga bunduƙiyya, kuma Barebari ma suna da ita da lafazi mai kusa da namu. Wannan ya dace da tarihi, gama a ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Barno ya riga ya kafa rundunar masu bindiga da taimakon Turkawa. Haka kuma albarushi daga albarud ya fito, harsashi kuwa daga rasas, watau darma. Ke nan bindiga da abincinta da sunayen Larabci suka iso mana. Amma sunaye biyu da mu ke kiran ƙaramar bindiga da su, watau libarba da fistol, duka daga Ingilishi aka aro su. Wannan ya nuna ba ta zama abin ambato a bakin jama'a ba sai da sojan Turawa suka zo da ita rataye a ƙugun hafsoshinsu.

Doguwar bindigar ɗuri kuwa, wadda maƙeranmu suka daɗe da iya ƙerawa, sunayenta suna da yawa. Akwai adaka, da bindigar toka, da baushe, da harba-ka-ruga. Wannan suna na ƙarshe shi kaɗai ya isa bayani: in ka harba sau ɗaya ba ka sami sa'a ba, to, ƙafa ce za ta cece ka, domin kafin ka sake zuba albarushi, ka danna tsumma, ka ɗura darma, abokin gaba ya cim maka. Yawan sunayen abu alama ce ta daɗewarsa a hannun mutane. Ƙaramar bindiga ba ta sami irin wannan gata ba.

Akwai kuma wata kalma da ta canja ma'ana a gaban idonmu. A da, in an ce 'yan bindiga, bayin sarki a ke nufi, masu jan riga, waɗanda ke buga bindiga ranar hawan Salla. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731–1743) aka riƙa shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki (1768–1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Yau kuwa in yaro ya ji an ce 'yan bindiga, mahara masu satar mutane da shanu za su zo masa a rai.

3. Yadda aka fara saninta a ƙasar Gwandu

Labari mafi tsufa da ya shafi wannan makami a yankinmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa gidan sarautar Gwandu, shi ne ya ba da shi a cikin Tazyinul Waraƙat. Bayan Yunfa ya hau gadon Gobir, kafin hijirar 1804, ya kira Shehu Usmanu zuwa fada, ya nufe shi da wani makamin wuta, sai wutar ta juyo kansa. Masu tarihi da yawa sun ɗauka ƙaramar bindiga ce irin ta ƙanƙara. A wannan lokaci ne kuma Gobirawa suka auka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, kusa da inda Jega ta ke yanzu. Ɗansa Buhari shi ne ya kafa Jega wajen 1820, garin da kasuwarsa ta yi suna a ƙasar Hausa duka.

Yaƙe-yaƙen jihadi ba da bindiga aka ci su ba. A Tafkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Har a 1826, da Baturen nan Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, ya ƙiyasta mayaƙanta da dubu 50 ko fiye, amma bindigoginsu ba su wuce 40 da 'yan kai ba. Ƙaramar bindiga kuwa kayan gaisuwar sarakai ce. Tana cikin kyautar da Clapperton ya kai wa Bello a 1824. Heinrich Barth ma a 1853 ya ba Sarkin Musulmi Aliyu Babba wasu guda biyu masu ado, kuma da ya iso Gwandu zamanin Sarki Halilu, sai da ya fid da irinsu kafin fada ta gamsu da gaisuwarsa. Watau darajarta a lokacin irin ta alkyabba ce da takobi mai kube na azurfa.

To, me ya ke tsare talaka a wancan zamani? Ganuwa da yawan jama'a. Tun daga 1849, da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, har zuwan Turawa, ƙasar Gwandu ba ta rabu da hari ba sai ɗan lokacin Lafiyar Toga da aka ƙulla a 1867. Mutane su kan tattaru a gari mai ganuwa da gwalalo, a rufe ƙofa da magariba, a sa masu tsaro, in an ga ƙura a buga ganga, kowa ya fito da kwari da baka.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasels, suka hana sayar wa 'yan Afirka na tsakiyar nahiyar bindigogin zamani, suka bar musu na ɗuri da albarushin kasuwa. An ga sakamakon haka ranar 15 ga Maris 1903, sa'ad da sojan Ingila da ba su kai 700 ba, da bindigogi masu ruwa samfurin Maxim da igwa, suka watsa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bakin Sakkwato. Hafsoshin Turawa suna rataye da libarba, amma ba ita ta ci yaƙin ba. Nisan harbi da saurinsa ne suka ci shi.

4. Libarba da fistol

Ƙaramar bindiga ta zamani iri biyu ce. Libarba ita ce tsohuwa. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, shi ne ya yi rajistar ƙirarta a ƙasarsu a 1836. Tana da 'yar ganga a tsakiya mai ramuka 5 ko 6, kowane rami da harsashinsa. Duk sa'ad da aka ja kunama, gangar ta juya ta kawo sabon rami saitin baki. Kirkinta shi ne sauƙin fahimta: ido na ganin ko akwai harsashi ko babu, kuma in ɗaya ya ƙi tashi, sai a sake jan kunama a wuce shi. Aibinta kuwa ƙarancin harsashi da jinkirin ɗuri.

Fistol ta zo a ƙarshen ƙarni na 19. Ita harsasanta suna jere cikin wani gida da a ke turawa a cikin mariƙi. In an harba, ƙarfin da ke tura bindigar baya shi ne ke fid da kwanson da ya ƙone, ya ɗora sabon harsashi. Saboda haka ta fi ɗaukar harsashi da yawa, kuma musanya gidan harsashi aikin sakan biyu ko uku ne ga wanda ya ƙware. Amma tana son kulawa, gama datti ko sakin hannu ya kan sa ta cije. Akwai kuma wani haɗari nata: mutum ya kan zare gidan harsashi ya zaci ta zama fanko, alhali guda ɗaya na kwance a ciki. Wannan mantuwa ta kashe mutane da yawa a duniya.

Abu ɗaya ya haɗa su duka biyu, shi ne rauni. Harsashin fistol mai kaurin milimita 9 yana fita da gudun mita 350 zuwa 400 a sakan, na AK-47 kuwa ya wuce mita 700, kuma ƙarfin dukansa ya ninka na fistol wajen sau 4. Nisan da a ke ƙidaya fistol za ta yi amfani shi ne mita 50, watau kamar rabin filin ƙwallo, AK-47 kuwa mita 300 ko fiye, da harsashi 30 a gida ɗaya. Bugu da ƙari, doguwar bindiga tana dogara da kafaɗa da hannu biyu, ƙaramar kuwa ba ta da madogara sai wuyan hannu, kuma da ya ke bakinta gajere ne, 'yar karkata kaɗan ta isa ta sa harsashi ya bi iska. Don haka ne masu koyar da harbi suka yarda ita ce bindigar da ta fi wuyar iyawa.

5. Abin da soja ke nema

A wurin soja, ƙaramar bindiga makamin baya ne. Sojan ƙasa da doguwar bindiga ya ke yaƙi. Waɗanda a kan ba ƙaramar su ne hafsoshi, da matuƙan jirgin sama, da masu tuƙa tankar yaƙi, da 'yan sandan soja, watau mutanen da aikinsu ya cika musu hannu, ko wurin zamansu ya yi ƙunci. Ba a zare ta sai abu ya ɓaci, abokin gaba ya iso dab.

Tarihin zaɓen da rundunoni suka yi ya nuna abin da su ke bukata. Sojan Ingila sun ɗauki libarba samfurin Webley a 1887, mai harsashi 6. Daga baya suka koma fistol samfurin Browning, wadda aka fara ƙerawa a Beljiyam a 1935, mai harsashi 13, sa'an nan a 2013 suka musanya ta da Glock 17 ta ƙasar Ostiriya, mai harsashi 17. Amurka kuwa, bayan ta ga libarbarta ta kasa tsai da mayaƙan Moro a tsibiran Filifin, ta ɗauki Colt mai ƙaton harsashi a 1911, mai ɗaukar 7. Ta riƙe ta har 1985, ta koma Beretta ta Italiya mai ɗaukar 15, sa'an nan a 2017 ta zaɓi SIG Sauer. A nan gida ma, masana'antar makamai ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta ƙera Browning ɗin nan da izinin masu ita. Mai karatu zai lura hanya ɗaya duk suka bi: daga libarba zuwa fistol, daga harsashi kaɗan zuwa mai yawa.

Dalilan haka guda huɗu ne. Na farko, runduna tana son harsashi iri ɗaya, domin wanda nasa ya ƙare ya karɓi na ɗan'uwansa. Shi ya sa ƙasashen ƙungiyar NATO suka daidaita a kan milimita 9. Na biyu, tana son bindiga mai jure ƙura da laka da ruwa. Na uku, tana son wadda za a iya kwance ta a gyara a sansani, a sa wa wannan kayan waccan. Na huɗu, tana son rashin nauyi, domin soja ya riga ya sha kaya. Ban da waɗannan, akwai ƙa'idar yaƙi: yarjejeniyar birnin Heg ta 1899 ta hana amfani da harsashin da ke buɗewa a cikin jiki, saboda haka yawancin rundunoni da harsashi mai rufin ƙarfe su ke aiki, wanda ya kan huda ya wuce.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne tsarin da ke kewaye da bindigar. Soja ba shi ya mallake ta ba. Tana da lamba a littafi, tana kwana a ɗakin makamai, a ba shi da sa hannu, ya mayar da sa hannu, a ƙirga harsashi. An horar da shi, akwai na gaba da shi mai ba da umurni, akwai kotun soja in ya yi ganganci. In aka raba bindigar da wannan tsari, to, an raba ta da rabin amfaninta da kusan dukan amincinta.

6. Abin da mai gida ke nema

A Amurka ne aka fi yin nazarin wannan, domin a 2008 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa ɗan ƙasa yana da ikon ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai. Masu goyon bayan haka suna da hujjoji: tana da sauƙin ajiya, tana juyuwa a lungu, kuma ta kan bar wa mutum hannu ɗaya ya riƙe fitila ko ya ja yaro. Rashin nisanta bai dame su ba, gama faɗan cikin gida bai wuce taku biyar ko goma ba. Yawancinsu kuma sun ce libarba ta fi dacewa da wanda ba ya yawan gwaji, domin ta kan yi shekaru a akwati ta tashi.

A nan ne bukatun biyu suka rabu. Soja yana son yawan harsashi, mai gida kuwa kowane harsashi da ya fita alhaki ne a wuyansa. Harsashin soja mai hudawa ya wuce shi ne mafi muni a gida, domin bayan ɓarawo akwai ɗakin yara. Soja yana fuskantar abokin gaba da ya sani, yana tare da 'yan'uwansa. Mai gida kuwa shi kaɗai ne, an tashe shi daga barci, cikin duhu, zuciya na bugawa, kuma dole ya rarrabe ko inuwar nan ɓarawo ce ko ƙanensa ne ya dawo daga hira. Ko ƙwararru ma su kan kuskure a irin wannan hali. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 a kan 'yan sandan birnin Niyok ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2006, in a na musayar wuta, harbi 18 ne kawai cikin 100 ke samun wanda aka nufa.

Sa'an nan ga matsalar ajiya, wadda ba ta da mafita mai daɗi. In bindiga tana ɗure a kusa da hannu, to, tana kusa da hannun yaro, da na mai fushi, da na wanda duniya ta yi wa zafi. In kuwa an kulle ta an raba ta da harsashi, kafin a haɗa su mai shigowa ya shigo. Dare ɗaya a ke tsoro, amma bindigar kullum tana nan. A 1993 Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga nazarin da suka yi a gundumomi uku na Amurka, suka sami cewa haɗarin kisan kai a gidan da ke da bindiga ya ninka na gidan da ba shi da ita sau 2.7, kuma galibi tsakanin dangi ne ko makusanta. An yi musu suka cewa watakila tun asali gidajen da ke cikin haɗari su ne ke neman bindiga, kuma suka ce mai ma'ana. Duk da haka, ƙidayar hukumar lafiya ta ƙasar ta nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabinsu kuwa su ne suka harbe kansu. Ingila ta bi wata hanya dabam. Bayan wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, sai aka hana farar hula mallakar ƙaramar bindiga a 1997.

7. Abin da doka ta ce a Nijeriya

Tsarin Mulki na 1999 da kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, duka sun yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa gwargwadon abin da hali ya tilasta. Amma ikon kare kai dabam, ikon riƙe bindiga dabam. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. A cikinsu akwai igwa, da gurneti, da bindiga mai ruwa, da dogayen bindigogin soja, kuma a cikin wannan jeri ne libarba da fistol su ke, har da tsofaffi na ƙanƙara. Hukuncin riƙe su ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Kashi na biyu su ne irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda ya ke, kuma a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da bayar da shi. Kashi na uku su ne na ɗuri, irin su adaka, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Mutum zai yi mamaki, ya ce yaya aka yi ƙaramar bindiga, mai rauni haka, ta shiga sahun igwa? Dalili shi ne ɓoyuwarta. Adaka ba ta shiga aljihu, mai ɗauke da ita kowa ya gan shi. Fistol kuwa tana shiga kasuwar Jega a ƙarƙashin riga ba wanda ya sani. Halin da ya sa ta dace da hafsa a cikin tanka, shi ne ya sa ta dace da ɗan fashi. Duk da wannan doka, cibiyar binciken ƙananan makamai ta Janiba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga wajen miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, alhali na soja da 'yan sanda duka ba su kai 600,000 ba. Ke nan ba ƙarancin bindiga ke damun ƙasar ba.

8. Gwaji da halin Katanga da maƙwabtanta

Katanga tana cikin Ƙaramar Hukumar Jega, a masarautar Gwandu. Mutanen wannan yanki manoma ne da 'yan kasuwa: ga shinkafar fadama, ga albasar Aliero da a ke loda wa manyan motoci zuwa kudu da ƙetare, ga shanun noma a turke. Gidajensu irin na Hausawa ne, zaure a gaba, tsakar gida, ɗakunan mata, rumbuna, kuma sau da yawa uba da 'ya'yansa da matansu da jikoki duk a gida ɗaya. Wani sashe katangar ƙasa ce ko ta bulo, wani kuwa zana ce ko darni, da ƙyauren langalanga. Harsashi ba ya ganin zana ko langalanga a bakin kome, kuma da bazara rabin gidan a waje su ke kwana.

Masu cutar irin wannan gida iri biyu ne. Na farko shi ne ɓarawon dare, mai haura katanga don akuya, ko babur, ko kuɗin albasa. Wannan abin da ya ke tsoro shi ne a gan shi. Kare, da fitila, da sakata mai ƙarfi, da kururuwar da ke tashin unguwa sun ishe shi. Fistol ta yi masa yawa, kuma haɗarinta a kan masu barci a tsakar gida ya fi asarar akuya.

Na biyu su ne mahara masu zuwa gungu a kan babura da bindigogin soja. Jihar Kebbi ta ɗanɗana su. A watan Yuni na 2021 sun kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 sun yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a ƙasar Zuru, suka kashe fiye da 60. A watan Nuwamba na 2024, a Mera ta ƙasar Augie, mutanen gari sun bi sawun Lakurawa da suka kore musu shanu, aka kashe musu mutum 15. Waɗannan maza ne da suka fito da yawa, da zuciya, amma makamin hannunsu bai kai na abokan gaba ba. In haka ta sami taron jama'a, ina ga magidanci ɗaya da fistol mai kai mita 50, a gaban mutum talatin da ke harbi daga mita 300? Darasin Sakkwato na 1903 ke nan ya dawo.

Ashe ke nan ƙaramar bindiga ta faɗa tsakiya: ta yi wa ɓarawo yawa, ta yi wa mahara kaɗan. Har ila yau ita kanta dukiya ce da ɓarayi ke nema, gidan da aka san da ita ya ƙara wa kansa baƙi. Akwai kuma abin da ya faru a Zamfara, inda 'yan sa kai da ba su ƙarƙashin kowa suka riƙa yanke hukunci da hannunsu, ramuwar gayya ta bi ramuwar gayya, wutar ta ƙara ruruwa. Ganin haka ne ya sa Katsina a watan Oktoba na 2023, da Zamfara a watan Janairu na 2024, suka kafa rundunonin tsaron al'umma masu horo da albashi da shugabanni. Ko yaya aikinsu ya kasance, tunanin da ya haife su shi ne wanda muka gani a kashi na 5, watau makami ba ya amfani sai da tsari.

9. Kammalawa

Abin da muka samu a taƙaice shi ne, soja yana riƙe ƙaramar bindiga ne a matsayin makamin ƙarshe, a cikin tsarin horo da lissafi da hukunci. Mai gida kuwa in ya ɗauke ta, ta zama makaminsa na farko, ba horo, ba mai ƙirga masa harsashi, a tsakiyar iyalinsa, kuma a Nijeriya ya saɓa doka. Kakannin mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun yi shekara hamsin cikin hari, abin da suka dogara da shi kuwa aikin gayya ne: ganuwa, da tsaron ƙofa, da saurin labari. Ganuwar yau ita ce sanin baƙon da ya kwana a gari, da wayar hannu mai kai labari kan lokaci, da hanya mai kyau, da jami'an tsaro masu zuwa in an kira su. Wannan na ƙarshe hakki ne a kan hukuma, kuma ba ya sauka daga kanta don ta ce wa talaka ya je ya sayi bindiga.

Ga malaman kwalejojin horon malamai kuwa, akwai aikin da ke jiransu. Tsofaffin maharba da maƙera da 'yan bindigar fada na ƙasar Gwandu suna ƙarewa, kuma a bakinsu ne sunayen sassan bindiga, da kirarinta, da ƙa'idodin riƙonta su ke. Ya kamata a tura ɗalibai lokacin hutu su rubuto waɗannan kalmomi da lafazin yankin, su tambayo wa a ke ba bindiga a da, wa a ke hanawa, kuma wane ne ke da ikon karɓe ta. Amsoshin za su amfani mai nazarin harshe, za su kuma amfani masu neman hanyar da gari zai tsare kansa ba tare da ya cuci kansa ba.